Hannu Da Yawa, Rubutu Ɗaya: Kundin Aikin Daidaita Kod Ɗin Laburarenmu

Litinin, 8 ga Janairu, 2024

Abin da ya faru makon jiya ne ya sa na buɗe wannan kundi. Wani sabon shiga ya turo mana gyara na layi uku. Kuskure ne na gaske ya gano: a wani lungu na kod ɗinmu an rubuta mil ɗaya mita 1609.34 ce, alhali 1609.344 ce. Mu uku muka yi bitar gyaran, muka jibga masa tsokaci goma sha huɗu. Guda ɗaya tak ya taɓa lissafin. Sauran duk a kan inda ya ajiye baka, da irin alamar zancen da ya zaɓa, da wani layi da ya zarce iyaka da harafi biyu. Ba zan wanke kaina ba, huɗu daga ciki nawa ne. Tun ranar bai ƙara cewa uffan ba, gyaran kuma yana nan a rataye.

Ga wanda bai san aikin ba, laburare ne na Python mai sauya ma'aunai: inci zuwa milimita, fam zuwa kilo, da makamantansu. Kyauta ne, kowa na iya sa hannu. Mu biyar ne ke da ikon haɗa gyara da babban reshe, wato ainihin kwafin kod ɗin da kowa ke ɗauka, masu turo gudummawa jefi-jefi kuwa sun fi haka yawa nesa ba kusa ba.

Duk fayil ɗin da ka buɗe, kafin ka leƙa tarihi za ka iya faɗin wanda ya rubuta shi. Na Malam, wanda ya assasa aikin, a jere suke reras, alamomin daidai sun sauko a layi ɗaya kamar an sa magwaji. Nawa layukan dogaye ne, don allona faffaɗa ne. Akwai fayiloli shida da aka matsa layukansu ciki da tab, sauran da tazara huɗu. Python 3 ba ya yarda a cakuɗa su biyun ta hanyar da ma'ana za ta rikice a fayil ɗaya, amma bai hana wannan fayil ya bi hanya, wancan ya bi wata ba. Muna da takardar ƙa'idojin rubutu mai shafi biyu, wadda ni da kaina rabona da karanta ta na manta.

Yau na rubuta wa sauran huɗun shawara: mu ɗauki injin tsara kod guda ɗaya, mu bi da shi ta kan komai sau ɗaya, daga nan kuma kada ɗan Adam ya sake yi wa ɗan'uwansa gyaran waƙafi.

Alhamis, 11 ga Janairu

Mun yi zama ta bidiyo, kusan awa biyu. Uku sun amince tun kafin in gama bayani. Malam ya yi shiru har sai da na ce, "Malam, ba mu ji ta bakinka ba."

Ya ce, "Ina jin ku. Shekara nawa ina jera teburan nan da hannuna, yau inji zai zo ya murƙushe su cikin daƙiƙa biyar?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba wanda ya ce tsarinka ba shi da kyau. Ya fi na kowa kyau ma. Matsalar ita ce kai kaɗai ka iya shi."

Ban yi zaton zan rubuta haka ba, amma hujjojinsa sun fi nawa nauyi a wurare biyu. Na farko, jerin da yake yi ba ado ba ne kawai. Idan lambobin sauya ma'auni suka sauko a tsaye, ɗigo a ƙarƙashin ɗigo, ido yana kama lambar da ta rasa sifili tun daga nesa. Na biyu, tarihi. Umarnin `git blame` na Git, manhajar da ke adana tarihin kod ɗinmu, shi ke gaya mana wa ya taɓa kowane layi, yaushe, kuma don me. Malam yana rubuta dogon bayani a kowane komit, wato kowane gyara da aka adana a tarihin, har da inda ya samo kowace lamba. Idan komit ɗaya ya taɓa dubban layuka, sunan mai komit ɗin ne zai rufe duka.

Ni kuma abin da na kawo shi ne, ba mu ne farau ba. Harshen Go ya zo da injin tsarawarsa, gofmt, a jikinsa, shi ya sa masu rubuta shi ba su san wannan ka-ce-na-ce ɗin ba. Rob Pike, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiri Go, ya taɓa cewa tsarin gofmt ba zaɓin ran kowa ba ne, amma shi gofmt ɗin kowa na son sa. Masu JavaScript sun samu Prettier a 2017. A Python kuwa Łukasz Langa ya fito da Black a 2018, aka cire masa tambarin gwaji a Janairun 2022, wata guda bayan haka Django, wani aikin Python na gina shafukan yanar gizo, mai girma da tsufa fiye da namu ninkin ba ninki, ya bi da shi ta kan kod ɗinsa kaf. Sunan ma daga maganar Henry Ford aka aro shi, cewa mai saye na iya zaɓar kowane launin mota muddin baƙi ne. Abin da nake so a Black ke nan: ba shi da maɓallai da yawa da za mu zauna muna jayayya a kansu.

Malam ya gindaya sharuɗɗa uku. Kada a taɓa teburansa. Kada tarihi ya ɓata. Kada komit ɗin tsarawa ya ɗauki ko da harafi ɗaya na gyaran ma'ana. Na karɓa duka. Na uku ma da bai faɗa ba ni zan faɗa.

Talata, 16 ga Janairu

Na ce Black ba shi da maɓallai da yawa. To, 'yan kaɗan ɗin da yake da su sun ishe mu kai ruwa rana kwana huɗu.

Tsawon layi ne ya fi cin rai. Malam yana son 79, kamar yadda PEP 8, takardar ƙa'idojin rubutun Python, ta tanada tun 2001. Ni ina son 120. Wani ya ce 100, yana kafa hujja da cewa masu Linux ma sun sassauta zuwa 100 a 2020, kuma ita kanta PEP 8 ta yarda ƙungiya ta kai 99 idan ta yi ittifaƙi. Na yi ta ba'a cewa 80 gadon katin IBM ne mai huda, wanda aka fito da shi a 1928, don me za mu ɗaure kanmu da faɗin kwalin da ba wanda ya taɓa riƙewa a cikinmu?

Malama mai kula da takardun bayaninmu ce ta kashe maganar, kuma ba da tarihi ba. Ta ce idonta ba ya ganin ƙananan haruffa, sai ta ƙara musu girma sosai. Idan tana bita, tsohon kod na hagu, sabo na dama, layi mai harafi 120 yana karyewa gida biyu ko uku a allonta, sai ta rasa inda canjin yake. Ta ce shekara biyu ke nan tana kauce wa bitar fayilolina saboda haka, ba ta dai faɗa ba. Kunya ta kama ni. Ina ta zancen katin 1928, ban taɓa tambayar wadda muke aiki tare kullum yadda allonta yake ba.

Mun tsaya a 88, wato abin da Black ke yi idan ba a taɓa shi ba: 80 da ƙarin kashi goma cikin ɗari. Ba wanda ya nemi 88 a cikinmu, kuma ina jin shi ya sa kowa ya iya haɗiye ta.

Alamar zance kuwa, Black yana mayar da guda-guda zuwa tagwaye. Akwai maɓallin hana shi. Mun ƙi taɓawa. Minti biyar aka yi a kai, don kowa ya gaji.

Asabar, 20 ga Janairu

Gwajin farko, a reshe na gefe. `black --check` ya ce kusan duk fayilolin za su sauya, in ban da 'yan ƙananan da ba komai a cikinsu. Na sake shi a kansu. Kafin in gyara zama ya gama.

Abin da ya kwantar mini da hankali tun farko shi ne, Black yana duba aikinsa da kansa. Python ba ya karanta kod yadda ido ke karantawa. Yana mayar da shi wata bishiya ta ginin umarni, wadda ba ruwanta da tazara ko inda layi ya karye. Black yana gina bishiyar kafin ya taɓa fayil, ya sake ginawa bayan ya gama, idan ba su zo ɗaya ba sai ya ƙi ajiye aikin. Don haka na sa ran gwaje-gwajenmu za su wuce lami lafiya.

Biyu suka faɗi.

Na ɗauki lokaci ina kallon allo kafin in gane. Muna da fankshin mai buga tebur, kuma a cikin bayanin da ke kansa an sa misalin abin da yake bugawa, wanda `doctest` ke gwadawa harafi da harafi. Teburin yana cike kowane layi da tazara har ƙarshe, tazarar da ido ba ya gani. Shi kuwa Black yana share irin wannan tazarar a ƙarshen layukan bayani, kuma wannan na cikin 'yan wuraren da ya yarda wa kansa bishiyar ta bambanta. Misalin ya tsabtatu, abin da fankshin ke bugawa bai sauya ba, sai suka saɓa. Maganin shi ne a gaya wa `doctest` ya daina ƙirga tazara a misalan biyu, da `NORMALIZE_WHITESPACE`. Na yi shi a komit dabam, na tura babban reshe tun yanzu, don sharaɗin Malam na uku.

Sai kuma wani abu da ban nema ba. Ina bin bambancin da ido sama-sama, na ci karo da layin da ya tsaya mini a rai. Muna da jerin ma'aunan da ba a yarda a maƙala musu kilo ko mili ba. A tsohon rubutun an cusa su biyar-biyar a layi. Black ya warware su ɗaya-ɗaya, kowanne da layinsa, sai ga guda biyu sun maƙale a layi ɗaya: `"yd" "mi"`. Babu waƙafi a tsakaninsu. A da ɗaya na ƙarshen layi, ɗaya na farkon na ƙasa, ba wanda ya lura. Python kuwa idan ya ga guntayen rubutu biyu a jere ba waƙafi, haɗe su yake yi shiru, su zama `"ydmi"`. Ma'ana shekara da shekaru laburarenmu yana karɓar kiloyadi da milimil hannu bibbiyu.

Na tura wa Malam hoton layin ba tare da na ce komai ba. Layinsa ne. Ya amsa da kalma ɗaya: "Ikon Allah." To, biyu.

Talata, 23 ga Janairu

Share fage, aikin da ba wanda zai yaba.

Fayiloli tara suna ƙare layi irin na Windows, sauran irin na Unix. Black ba ya daidaita wannan. Abin da ya tarar a layin farko na fayil shi yake bi. Don daidaita su na sa fayil ɗin saiti `.gitattributes`, na gudanar da `git add --renormalize .`, komit nasa shi kaɗai. Na ƙara `.editorconfig` don editocin mutane su daina sa tab tun daga tushe.

isort, mai jera layukan shigo da kaya a saman fayil, yana da nasa ra'ayin a kan baka da waƙafi. In aka bar su haka, shi ya gyara, Black ya warware, har abada. Layi ɗaya ke sasanta su: `profile = "black"`. Shi ma flake8, mai ƙorafi a kan saɓa ƙa'idar rubutu, sai da na ɗaga masa iyaka zuwa 88, na kashe masa ƙa'ida mai lamba E203, don yana ƙorafi a kan tazarar da Black ke sawa kafin ruwa biyu idan ana yanko wani sashe na jeri.

Akwai abin da Black ba ya yi wanda na ɗauka yana yi: ba ya karya dogon guntun rubutu, ba ya karya dogon tsokaci. Waɗannan da hannu za mu bi su, bayan an gama.

Litinin, 29 ga Janairu

Saura ƙiris mu yi abin kunya. Ɗaya daga cikinmu ya maimaita gwajina a kwamfutarsa don ya tabbatar, sai sakamakonsa ya bambanta da nawa a fayiloli da dama. Muka yi ta laluben saiti, ashe ba nan take ba. Ni ina kan Black 23.12.1. Shi kuwa jiya ya sauke, ya samu sigar 24 da ta fito ƙarshen makon jiya.

Ƙa'idar Black ita ce ba ya sauya salonsa a tsakiyar shekara. Yana tara sauye-sauyen sai fitowar farko ta sabuwar shekara. Mu kuma muka zaɓi daidai Janairu muka fara aiki. A sabon salon, fankshin da ba komai a cikinsa sai ɗigo uku yana komawa layi ɗaya, kuma dole a bar layi fanko bayan bayanin saman fayil. Ƙananan abubuwa, amma da mun yi babban komit da 23, da wata bai cika ba sai mun sake wani da 24, tarihin ya sha rufi biyu.

Mun koma 24, na sa `required-version` a `pyproject.toml`, fayil ɗin saitin aikin, don duk wanda ya zo da wata siga injin ya ƙi tashi, maimakon ya yi aiki shiru ya ɓata. Darasin da na ɗauka a nan na aiki ne zalla: cewa "muna amfani da Black" ba ta wadatar ba, sai an faɗi wanne.

An tayar da zancen Ruff, wanda kamfanin Astral ya ƙara wa injin tsarawa a Oktoban bara. Da Rust aka rubuta shi, yana da sauri ƙwarai, kuma salon Black yake bi. Amma zuwa wannan Janairu na 2024 da tambarin gwaji a jikinsa, mu kuma sauri ba shi ne ciwonmu ba. An ajiye maganar sai wata shekara.

Asabar, 3 ga Fabrairu

Yau aka yi.

Tun ranar Laraba na sanar cewa ba za a haɗa komai da babban reshe ba daga daren Juma'a. Muna da buƙatun haɗewa goma sha bakwai a buɗe. Muka yi ta maza muka haɗa takwas, tara suka rage. Cikin takwas ɗin har da gyaran mil na sabon shigan nan. Ni na haɗa shi yadda yake, ban taɓa ko waƙafi ba, na rubuta masa ban-haƙuri.

Da safe ni da Malam muka zauna a kan teburansa. Black yana mutunta `# fmt: off` da `# fmt: on`, abin da ke tsakaninsu ba ya taɓawa. Malam ya zo da jerin wurare ashirin da uku da yake son a killace. Na ce, "Malam, wannan ai rabin gidan ne." Muka bi su ɗaya bayan ɗaya da tambaya guda: idan jerin nan ya rushe, akwai kuskuren da ido zai daina kamawa? Teburin tsawo, inda inci yake 25.4 a milimita, ƙafa 0.3048 a mita, yadi 0.9144, ya tsallake ba gardama. Na nauyi da na zafi haka. Amma wuraren da ya jera alamomin daidai kawai don sun fi kyan gani, shi da kansa ya riƙa cewa, "Wuce, wuce." Aka tashi da bakwai. A wani wuri ma ni na ce a killace, shi ya ce a bari.

Na manna tambari a komit na ƙarshe kafin tsarawa, na sa masa suna `kafin-tsari`. Sai isort, sai Black. Gwaje-gwaje duka suka wuce. Ba wanda zai iya bitar bambanci mai wannan girma da ido, kuma ba mu yi ƙaryar mun yi ba. Abin da muka yi shi ne, mutum biyu kowa ya ɗauki `kafin-tsari` a kwamfutarsa, ya gudanar da umarnin nan biyu, ya gwada da nawa. Babu bambanci ko na harafi. Na danna maɓalli.

Litinin, 5 ga Fabrairu

Sharaɗin Malam na biyu, kuma a nan na yi tuntuɓe.

Tun sigar 2.23, ta 2019, Git yana iya tsallake wasu komit idan yana nuna tarihin layi. Ana rubuta lambar shaidar komit ɗin cikakkiya, harafi 40, a fayil, a nuna wa Git fayil ɗin. Idan aka sa masa suna `.git-blame-ignore-revs`, GitHub ma, shafin ajiye kod a intanet, yana karanta shi da kansa tun 2022. Na shirya fayil ɗin tun Asabar, na sa lambobin komit ɗina, ina ta jin daɗin kaina.

Da asuba saƙon Malam ya shigo: "Ɗan'uwa, na ga duk laburaren kai ka rubuta shi shekaranjiya. Sannu da ƙoƙari."

Na buɗe, haka ne. Sunana a kan layi bayan layi. Abin da ya faru: ma'ajiyarmu an saita ta ta dunƙule duk komit ɗin reshe su zama ɗaya idan za a haɗa. Dunƙulewa kuwa sabon komit take haifarwa, da sabuwar lamba. Lambobin da na rubuta na komit ɗin da ba su taɓa shiga babban reshe ba ne. Git yana ta neman wanda zai tsallake, bai gamu da shi a hanya ba.

Gyaran minti biyu ne: na ɗauko lambar gaskiya daga babban reshe, na musanya. Sa'ar da na ci ita ce fayil ɗin tsallakewar kaɗai na cusa a reshen bayan tsarawa, ba wani gyaran ma'ana, don haka dunƙulallen komit ɗin bai karya sharaɗi na uku ba. Sunan Malam da dogayen bayanansa suka dawo. Ba duka ba, gaskiya. Inda Black ya fasa layi ɗaya zuwa biyar, Git yana yin kirdado ne, wani lokaci ya dace, wani lokaci ya jingina layin ga maƙwabcinsa. Na gwada wurare kamar ashirin, biyu sun karkace. Malam ya ce zai iya zama da hakan.

Wani tarko da na rubuta a takardar masu gudummawa: saitin `blame.ignoreRevsFile` a sa shi a wannan ma'ajiya kaɗai. Wanda ya sa shi a saitin kwamfutarsa gaba ɗaya, duk ma'ajiyar da ba ta da fayil ɗin `git blame` zai ƙi aiki a cikinta.

Juma'a, 9 ga Fabrairu

Rassa taran nan da suka rage su ne ainihin kuɗin da muka biya. Kowannensu yanzu yana cin karo da babban reshe a kusan duk layin da ya taɓa. Wani ya yi wata biyu yana aiki a kan nasa, ya buɗe ya ga ja ko'ina, ya rubuto cewa in haka ne ya haƙura.

Hanyar da na rubuta musu mataki huɗu ce, kuma tana aiki. Ka fara haɗo `kafin-tsari` cikin reshenka, ka warware karon gaske a nan, tsohon rubutu da tsohon rubutu. Sai ka gudanar da isort da Black a reshen, ka yi komit. Sai ka haɗo komit ɗin tsarawa da `git merge -s ours`, wato kana gaya wa Git, na riga na yi abin da wannan komit ya yi, ɗauki nawa. Daga nan ka haɗo kan babban reshe yadda aka saba. Mataki na uku ba ya halatta sai don komit ɗin tsarawa ba ya ɗauke da komai sai tsari. Sharaɗin Malam ne ya cece mu a nan, ba dabarata ba.

Bakwai sun bi lafiya, uku daga ciki ni na yi musu da izininsu, har da na mai wata biyun. Na takwas ya gajarce hanya: ya yi `-s ours` da kan babban reshe kai tsaye, ba da komit ɗin tsarawa ba. Karo ya ɓace, komai ya yi kore, ya turo yana murna. Abin da bai sani ba shi ne, ya gaya wa Git ya watsar da duk abin da ya shiga babban reshe tun Asabar. Da an haɗa, gyare-gyare uku na mutane za su koma kamar ba a yi ba, ba tare da ko gwaji ɗaya ya faɗi ba, don har gwaje-gwajen da suka zo da su za su tafi tare. Malama ce ta kama, ta ce me ya kai reshen ma'aunin zafi goge layuka a fayil ɗin nauyi? Laifin rabi nawa ne. A bayanina ban ja layi a ƙarƙashin wane komit ba. Na sake rubuta shi da lambar ɓaro-ɓaro, da gargaɗi.

Na tara mai shi bai amsa ba tukuna.

Litinin, 19 ga Fabrairu

Mai gadin ƙofa ya fara aiki: duk buƙatar haɗewa sai ta wuce `black --check`. Mun kuma sa pre-commit, don wanda ya girka shi injin ya tsara masa kod kafin komit ya fita daga kwamfutarsa.

Sati bai cika ba na ga mun kusa komawa gidan jiya ta wata ƙofa. Wata sabuwar mai gudummawa ta gyara kuskuren rubutu ta burauza, ba ta sauke komai ba, sai ga jan tambari da saƙo mai tsawo da ba ta gane ba. Da mutum ne ke korar baƙo da zancen waƙafi, yanzu inji ne. Na sauya saƙon ya zama layi biyu, ya faɗi umarnin da za a gudanar, ya ƙara da cewa in ba ka iya ba ka bari, mai bita zai yi maka. Mun kuma yi alkawari a tsakaninmu: ba a mayar da gyara don tsari kaɗai.

Ni ma ina da nawa ƙorafin, kada a ce na zama ɗan kanzagin inji. Akwai wuraren da Black ke munana rubutu. Lissafi mai tsawo da na karya daidai inda tunanin ya karye, shi sai ya haɗe shi don ya shiga cikin 88, ko ya fasa shi a wurin da ba ma'ana. Abin da na lura shi ne, sau da yawa idan ya fitar da abu mummuna, jimlar ce da ma ta yi nauyi; in na ciro wani sashe na ba shi suna, sai ta zauna. Ba kullum ba. Wani lokaci munin nasa ne kawai, in haɗiye.

Malam kuwa ya gano waƙafin ƙarshe. Idan ka bar waƙafi bayan abu na ƙarshe a jeri, Black yana ɗauka kana son kowane abu da layinsa, ba zai matse su ba ko da za su shiga layi ɗaya. Tun da ya gane haka yake ta shuka waƙafi ko'ina. Ban ce masa komai ba.

Asabar, 2 ga Maris

Na bi buƙatun haɗewa na makonni ukun nan na karanta tsokacin da aka bari. Ban ga ko ɗaya a kan baka ko tazara ba. Jayayya ba ta ƙare ba, ta koma kan sunayen fankshin, wanda aƙalla yana da alaƙa da ma'ana. Malama ta yi bitar fayilolina biyu, ta samo mini kuskure a ɗaya. Takardar ƙa'idojinmu ta sauko daga shafi biyu zuwa sakin layi uku.

Sabon shigan da ya jawo duk wannan bai dawo ba. Ya ga saƙona, ya sa alamar babban yatsa, shi ke nan.

Abin da ban hango ba shi ne tsohon reshen da muke ci gaba da tallafa wa masu amfani da sigar baya. Ba mu tsara shi ba. Yanzu duk gyaran da muka ɗauko daga babban reshe da `git cherry-pick` sai ya ci karo, ko da na layi ɗaya ne. Ranar Laraba na ɓata awa guda a kan gyaran da bai kai minti biyar ba. Dole shi ma a bi da Black ta kansa, da siga ɗaya, da nasa layin a fayil ɗin tsallakewa, kuma wannan karon sai an haɗa zan kwafi lambar. Na sa ranar Asabar mai zuwa.

Saura dogayen guntayen rubutu da flake8 ke ƙorafi a kansu, na raba mana su fayil-fayil. Saura reshe na tara. Idan mai shi bai amsa ba zuwa tsakiyar wata zan ɗauko aikinsa in ɗora da sunansa. Sannan da na ƙirga `# fmt: off` yau da safe na samu tara, ba bakwai ba. Na duba tarihi. Ɗaya na Malam ne. Ɗayan nawa ne, na 21 ga Fabrairu, kuma na manta dalilin da ya sa na sa shi.